An Buɗe Jijiyar Zuciya, Saura Mai Zuciyar



Idan aka ce an yi wa wani aikin zuciya, abin da ke fara zuwa ran yawancinmu shi ne an tsaga ƙirji, likitoci sun yini a kansa, ya yi makonni a kwance. To akwai wani aikin da ya fi wancan yawa a duniya yanzu, wanda ba a tsaga komai a cikinsa. Shi ne aikin buɗe jijiyar da ke kai wa zuciya jini idan kitse ya toshe ta, wanda likitoci ke kira anjiyofilasti. Ana huda jijiya a wuyan hannu ko a matsematsi, a zura wani siririn bututu ya bi hanyar jini har ya isa zuciya, a hura 'yar ƙaramar balan-balan a daidai inda ya toshe, sannan a bar wata 'yar ragar ƙarfe mai suna sitent ta tokare wurin don kada ya sake rufewa. Duk ana yi mutum idonsa biyu. Sau da yawa washegari an sallame shi, babu abin da ya rage a jikinsa sai ɗan tabo a hannu.

Wani likita Bajamushe, Andreas Grüntzig, shi ya fara yin aikin ranar 16 ga Satumba, 1977 a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, a kan wani magidanci ɗan shekara 38. A 1986 aka fara saka sitent a jijiyar zuciyar ɗan Adam a Faransa da Suwizalan. Yau miliyoyin mutane ke yawo da wannan ragar a ƙirjinsu, har da namu da suka je Legas ko Abuja, ko suka haura Indiya da Misra aka yi musu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: sauƙin aikin nan yana yaudararmu. Saboda ba mu ga ɗinki ba, kuma mun ga mutum ya sauko daga mota da ƙafarsa, sai mu ɗauka magana ta ƙare. Alhali kuwa tsugune ba ta ƙare ba. Duk iyalin da suka kashe miliyoyi aka buɗe jijiya, sannan suka bar mai jijiyar cikin fargaba da damuwa ba tare da an kula ba, rabin aikin suka yi.

Bari mu fara da sanin me aikin yake yi. Idan mutum yana tsakiyar bugun zuciya, wato jijiya ta toshe gaba ɗaya naman zuciya ya fara mutuwa, buɗe ta cikin gaggawa yana ceton rai, wannan babu jayayya. Amma akwai rukuni na biyu, masu jin ciwon ƙirji idan sun yi tafiya ko sun hau bene, ya lafa idan sun huta. A 2007 an wallafa wani babban bincike mai suna COURAGE da aka yi a Amurka da Kanada a kan irin waɗannan mutane 2,287. Rabi aka saka musu sitent aka haɗa da magani, rabi magani kaɗai. Bayan fiye da shekara huɗu, yawan waɗanda suka mutu ko suka samu bugun zuciya bai bambanta ba. Wani binciken da ya fi shi girma, ISCHEMIA, mai mutum 5,179, ya zo a 2020 da sakamako makamancin haka, sai dai ya nuna masu fama da ciwon ƙirji sun fi samun sauƙinsa idan aka buɗe jijiyar.

Ke nan ga wannan rukuni, babbar ribar aikin ita ce jin daɗin rayuwa: mutum ya iya takawa zuwa masallaci ko kasuwa ba tare da ya tsaya yana dafe ƙirji ba. In dai don jin daɗin rayuwa aka yi aikin, ai dole a tambaya me ke kawo jin daɗin rayuwar mai ciwon zuciya.

An yi wannan tambayar a San Firansisko, a binciken da aka wallafa a mujallar likitoci ta JAMA a 2003. An ɗauki masu ciwon jijiyar zuciya 1,024, aka auna ƙarfin bugun zuciyarsu da yadda jini ke isa gare ta, aka kuma auna alamomin ciwon damuwa, sannan aka tambaye su yadda suke jin jikinsu da rayuwarsu. Sai aka tarar ma'aunan zuciyar nan biyu ba su da wata alaƙa mai ƙarfi da amsar da mutanen suka bayar. Alamomin damuwa su ne suka yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan ƙorafin jiki, da kasa yin hidimomin yau da kullum, da ganin rayuwa ba daɗi. Ana iya samun mutum biyu hoton zuciyarsu iri ɗaya, ɗaya ya koma shagonsa, ɗaya ya zama ɗan zaman ɗaki.

Me ke faruwa a ran mutum bayan aikin? Ku tuna yawanci ba da shiri aka je ba. Mutum yana cikin harkokinsa wani nauyi ya danne masa ƙirji, gumi ya karyo, ya ga mutuwa muraran. Aka kwantar da shi yana jin likitoci suna magana a kan zuciyarsa. Kwana biyu aka ce ya tafi gida. Jiki ya dawo gida, amma hankali yana can a kan gadon asibiti. Daga nan sai sauraren ƙirji ya fara. Duk ɗan motsi, ko iskar ciki ce, sai ya ce ya dawo. Dare ya yi ya kasa rufe ido don tsoron kada ya ƙi farkawa. Wani ma ba ya yarda ya kulle ƙofar banɗaki. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2012 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin takwas da suka tsira daga bugun zuciya ko makamancinsa suna samun irin firgicin nan mai daɗewa da aka sani ga waɗanda suka ga yaƙi ko mummunan hatsari.

Ciwon damuwa kuwa ya fi haka yawa, kusan ɗaya cikin biyar bayan bugun zuciya. Ba ɓacin ran yini ɗaya nake nufi ba. Shi ne mutum ya yi makonni babu abin da ke masa daɗi, abinci ya fita ransa, barci ya lalace, ya riƙa ganin kansa nauyi ne a kan iyali. A 1993 masu bincike a Cibiyar Zuciya ta Montiriyal a Kanada sun bi mutum 222 da suka yi bugun zuciya. Cikin wata shida, kashi 17 cikin 100 na masu ciwon damuwa sun rasu, a sauran kuwa kashi 3 ne. A Rotadam ta ƙasar Holan an bi mutum 1,234 da aka yi wa ainihin aikin da muke magana a kai. Kusan ɗaya cikin huɗu yana da alamomin damuwa, kuma bayan shekara bakwai mace-mace a cikinsu ya kusa ninka na sauran. Shi ya sa a 2014 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a lissafa ciwon damuwa cikin abubuwan da ke ƙara wa mai bugun zuciya haɗari.

Wani zai ce, ta yaya abin da ke cikin rai zai taɓa ragar ƙarfe? Babbar hanyar ba ɓoyayya ba ce. Sitent baƙo ne a cikin jijiya, kuma jini yana son daskarewa a jikin baƙon abu. Don haka ake ɗora mutum a kan magungunan hana daskarewar jini guda biyu, asfirin da wani kamar kilofidogirel, na tsawon wata shida zuwa shekara, gwargwadon yadda likita ya gani. Wanda ya yanke su da wuri yana iya wayar gari sitent ɗin ya toshe lokaci ɗaya. A wani bincike na Amurka da aka wallafa a 2006, kusan ɗaya cikin bakwai sun daina shan magani na biyun cikin wata guda, kuma cikin wata 11 da suka biyo baya kashi 7.5 cikin 100 nasu sun rasu, yayin da a masu shan maganin bai kai kashi 1 ba. To an daɗe da sanin cewa mai ciwon damuwa ya ninka waninsa kusan sau uku wajen ƙin bin ƙa'idar magani. Wanda ya fitar da rai da kansa ba zai damu da ƙwayar safe ba, ba zai koma ganin likita ba, sigarin da ya bari ma yana iya komawa. Masu binciken San Firansisko sun ci gaba da bin mutanensu, a 2008 suka bayyana cewa babban abin da ya haɗa damuwa da dawowar ciwon zuciya shi ne rashin motsa jiki.

Yanzu mu shigo gidajenmu, domin a nan ne gizo ke saƙar. Muna da dubiya mai kyau, gida ya cika, kowa da ledarsa. Amma tambayar guda ce, amsar ma guda ce. “Ya jiki?” “Da sauƙi, alhamdu lillahi.” Babu gurbin da magidanci zai ce, “Wallahi tsoro nake ji.” In ma ya kuskura ya faɗa, kafin ya rufe baki an ce masa ya gode wa Allah, wane ai ko asibiti bai kai ba. Gaskiya ne, amma an rufe masa baki ke nan. Bayan mako biyu ƙafa ta ɗauke, daidai lokacin da abin yake fara cin sa.

Sai kuma lallaɓawar da ta wuce kima. Don so, 'ya'ya su karɓe makullin shago da na mota. Kada Baba ya ɗauki buta, kada Baba ya ji an yi rasuwa, kada a gaya masa kuɗin makarantar yara ya ƙaru. Mutumin da shekara talatin ba a yanke shawara sai da shi, yau ana yin shiru idan ya shigo falo. Yana gani, yana kuma fassarawa: sun san wani abu da ba su gaya mini ba. Alhali idan aikin ya tafi lafiya kuma ba bugun zuciya aka yi ba, da yawa suna komawa aiki mara nauyi cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ya yi bugun zuciya yana buƙatar lokaci fiye da haka, amma shi ma hanyar komawa ake nema masa, ba ritayar dole ba.

Ga kuma nauyin kuɗi. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa. Wanda aka yi wa aikin nan ya san filin da aka sayar, ya san ƙanin da ya ci bashi, ya san sarƙar da ta bar wuyan uwargida. Kowane wata kuma ga kuɗin magani. Irin wannan mutum ne ke fara shan ƙwaya yau ya tsallake gobe, wai don ya rage wa yara wahala, bai gaya wa kowa ba. In a ƙasar waje aka yi aikin, likitan da ya san jijiyarsa yana can nesa, shi kuwa ya dawo da takardun Turanci da babu wanda ya zauna ya warware masa.

Akwai abin da kunya ke hana a tambaya, wato shimfiɗar aure. Miji yana tsoro, mata tana tsoro, kowa ya yi shiru, har zargi ya shiga tsakani. Ƙa'idar likitocin zuciya ita ce, wanda aikinsa ya tafi lafiya kuma yana iya hawa bene hawa biyu ba tare da ciwon ƙirji ko haki mai tsanani ba, galibi babu laifi ya koma ga iyalinsa bayan 'yan kwanaki, da sanin likitansa. Inda haɗarin yake shi ne mutum ya je ya nemo maganin ƙarfin maza a ɓoye. Viagra da danginsa ba sa haɗuwa da magungunan ciwon ƙirji na dangin naitiret, irin wanda ake sakawa a ƙarƙashin harshe, domin jini na iya faɗuwa warwas. An kuma sha gano sinadarin Viagra a cikin kayan da ake sayarwa da sunan na gargajiya.

Idan mace ce mai ciwon, abin ya fi tsanani. Mata sun fi maza kamuwa da ciwon damuwa bayan ciwon zuciya, ga shi kuma an fi saurin cewa raki ne ko neman a kula da ita. Ita ma matar da ke jinyar miji, wadda ke farkawa cikin dare tana duba ko yana numfashi, babu mai tambayar ta.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Na farko su ce rashin tawakkali ne. To babu wanda ya ce toshewar jijiya rashin tawakkali ce. An yi addu'a, an kuma nemi likita. Me ya sa idan barci ya gagara wata biyu, hawaye suna zuba babu dalili, sai a ce neman likita gazawa ce? Ƙwaƙwalwa ma tsoka ce a jikin nan, tana kamuwa tana warkewa.

Na biyu su ce, a ƙasar da mafi yawan masu bugun zuciya ba sa ma kaiwa inda ake aikin, maganar damuwa ai ta masu ƙoshi ce. Ni kuwa ina ganin akasin haka. Inda sitent ya fi tsada da wahalar samu, nan ya fi kamata a tsare shi. Mai kuɗin da zai iya komawa a sake masa daban, wanda ya sayar da gonar gado daban. Kuma kula da halin da mutum yake ciki shi ne mafi arha a duk jinyar.

Na uku ya fi ƙarfi: shin magance damuwar yana tsawaita rai? A nan sakamakon bincike ya rabu. Wani babban gwaji a Amurka mai suna ENRICHD, da mutum 2,481, ya nuna a 2003 cewa jinyar tattaunawa ta rage damuwa amma ba ta rage mutuwa ba. A Koriya ta Kudu kuma an ba mutum 300 maganin damuwa ko ƙwayar da babu komai a ciki na wata shida, aka bi su shekara takwas. A 2018 aka bayyana cewa kashi 41 cikin 100 na masu maganin gaske ne suka sake samun babbar matsalar zuciya ko suka rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 54. Ko da mun ɗauki sakamakon farko kaɗai, tambayata ita ce: mutum ya yi barci, ya ci abinci, ya yi dariya da jikokinsa, wannan ba riba ba ce? Ai don ita aka saka sitent ɗin tun farko.

To me ya kamata a yi? Likitocinmu na zuciya su riƙa yin tambayoyi biyu da aka ba da shawarar yi tun 2008: a mako biyun da suka wuce, ka ji abubuwan da ka saba jin daɗinsu sun fita ranka? Ka ji ranka a jagule ko ka yanke ƙauna? Ba su kai minti biyu ba. Wanda ya amsa da e, a zurfafa bincike, a tura shi inda ya dace. Akwai magungunan damuwa da aka gwada a kan masu ciwon zuciya aka ga ba sa cutarwa, kamar satiralin, amma likita ne zai zaɓa, domin wasu ba sa jituwa da zuciya, wasu kuma suna ƙara saurin zubar jini idan sun haɗu da asfirin.

Kafin sallama kuma a zaunar da mara lafiya da iyalinsa a yi musu bayani da Hausa. A gaya musu sitent ba ya zamewa don an yi ruku'u ko tari, ba ya tsatsa, kuma cikin watanni fatar cikin jijiya take rufe shi. A gaya musu wane irin ciwo ne na gudu asibiti: nauyi ko matsewa a ƙirji da ya ƙi lafawa bayan 'yan mintuna, musamman da gumi, haki, ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi. A gaya musu maganar azumi da sauya lokacin magani da likita ake yin ta. Rabin fargabar nan rashin sani ne.

A ƙasashen da suka ci gaba akwai shiri na makonni da ake haɗa masu ciwon zuciya suna motsa jiki ƙarƙashin kulawa, ana koya musu abinci da magani, suna kuma hira da 'yan uwansu. An tabbatar yana rage komawa asibiti, yana kuma kyautata rayuwa. Inda babu irinsa, tafiyar ƙafa da likita ya amince da ita, ana farawa da mintuna kaɗan ana ƙarawa, tare da ɗa ko aboki, tana yin aiki biyu: tana gina zuciya, tana kuma nuna wa mutum cewa jikinsa bai ci amanarsa ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri ba za su ɗauke mu duka ba, ko da yake dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma Zimbabuwe ta nuna wata hanya. Can likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraren masu abin da mutanensu ke kira yawan tunani, kalmar da mu ma muke amfani da ita. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Ba mu rasa dattawa da ma'aikatan jinya da za su iya wannan ba.

Mu kuma na gida, aikinmu a bayyane yake. A mayar wa Baba da girmansa, a riƙa shawara da shi. A sa ido a kan kwalin magani ba tare da tsangwama ba, a kuma ɗauke masa tunanin kuɗinsa. Idan ya yi fiye da mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba fita, a gaya wa likita. Idan ya fara cewa gara ya mutu kowa ya huta, wannan ba maganar a yi dariya ko a yi masa faɗa ba ce, a kai shi asibiti a ranar.

In kuma kun je dubiya, kada ku tsaya a makon farko. Ku koma bayan wata ɗaya, lokacin da gida ya yi shiru. Bayan “ya jiki”, ku ƙara da, “Baba, kana samun barci kuwa?” Sannan ku yi haƙuri ku jira amsar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai na ji ra'ayoyinku.